Hoton Ƙasa da Idon Matafiyi: Tarihin Ɗaukar Hoton Duwatsu da Jigayi Daga Kazaure Zuwa Azbin

1.0 Gabatarwa

A wajen yawancin Hausawa, idan aka ce hoto, abin da yake fara zuwa a rai shi ne hoton mutum: na sarki bisa doki ranar hawan salla, ko na amarya da ƙawayenta, ko ɗan ƙaramin nan da ake liƙawa a takardar shaida. Amma akwai wani nau'in hoto da ya daɗe da shiga ƙasar Hausa, wato hoton ƙasar ita kanta: duwatsu da jigayi da fadamu da itatuwa da sararin hamada. Turawa matafiya ne suka fara ɗaukarsa, a ƙasashensu aka buga shi cikin littattafai, kuma a can aka kafa hujja da shi a kan halin da ƙasar take ciki.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan nau'in hoto a kan hanyoyin da suka tashi daga Kano suka ratsa ƙasar Kazaure da ta Babura suka nufi Damagaram da Azbin. Za a duba su wane ne suka ɗauki hotunan, da abin da ya kawo su, da irin kayan aikinsu, da kuma hukuncin da aka yanke wa ƙasar bisa abin da aka gani. Dalilin wannan nazari shi ne, tun daga shekarun 1930 ake ta cewa hamada tana gab da haɗiye wannan yanki, kuma hoto yana cikin manyan shaidun da aka gabatar. Shaida kuwa, kafin a karɓi maganarsa, sai an san ko shi wane ne, da inda ya tsaya, da lokacin da ya ga abin da yake faɗa.

2.0 Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Garin Kazaure yana kimanin kilomita 80 arewa da Kano, a kan hanyar Daura. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Babura kuwa tana gabas da su, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. A da tana cikin ƙasar Kano, amma tun 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ta koma ƙarƙashin masarautar Ringim.

Abin da ya sa wannan yanki ya cancanci nazari shi ne, a nan ne ƙasa iri biyu suka haɗu. Daga yamma, a Kazaure da Roni da Gwiwa, tsohon dutse ne mai tauri ya ɓullo sarari, ya yi jerin tsaunuka dogaye masu kan marmara, da kwaruruka a tsakaninsu. Daga gabas, ta wajen Babura, dutsen ya nutse ƙarƙashin rairayin kwarin Tafkin Chadi, ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiyar jigawa mai 'yan tuddai. Kogin Gari da Kogin Tomas suna gangarawa daga ƙasar dutse su nufi gabas cikin yashi. Mai tafiya a kan doki zai iya karin kumallo a gindin dutse, bayan kwana biyu ya yi zango a inda ko tsakuwar jifa sai an nema.

Duwatsun nan suna da hannu a tarihin masarautar. Ɗan Tunku, shugaban Fulani Yarimawa, ya taimaka wa jihadi a ƙasar Kano ta arewa, amma da aka naɗa Ibrahim Dabo Sarkin Kano a 1819 sai ya ƙi yi masa mubaya'a. An shafe shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. Ɗan Tunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi, kuma shi ne ya mai da Kazaure gidan sarauta. Ruwayar baka ta ce sunan garin ya samo asali ne daga cewar da aka yi wurin kamar zaure yake, saboda yadda duwatsu suka kewaye shi. Ko ruwayar ta tabbata ko ba ta tabbata ba, tana nuna cewa mutanen wurin sun daɗe da kallon ƙasarsu da idon basira, har suka yi mata kwatanci da ginin gida. Wannan ma hoto ne, amma da harshe aka ɗauke shi.

3.0 Zamanin Alƙalami da Zane

Baturen farko da ya rubuta wani abu game da rikicin Ɗan Tunku shi ne Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano ranar 20 ga Janairu, 1824. Ya tarar da Sarkin Kano a sansani a Fanisau ana shirin fita yaƙi da Ɗan Tunku. A lokacin ba a ƙago ɗaukar hoto ba. Sai a 1839 ne aka bayyana dabarar Louis Daguerre a Faransa. Saboda haka abin da Clapperton ya bari shi ne rubutu da taswira.

Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ƙetaro Sahara ta duwatsun Azbin, ya biyo ta Tasawa da Katsina da Kusada, ya shiga Kano a farkon Fabrairu, 1851. Da zai tafi Barno kuma ya bi ta Gumel. Wato ya shigo ta yamma da Kazaure, ya fita ta gabas da ita. Barth ya yi zane-zane masu yawa da hannunsa, amma hotuna masu launi da suka fito cikin littafinsa mai juzu'i biyar, a 1857 da 1858, aikin wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, wanda bai yi tafiyar tare da shi ba. Ya ɗauki zanen Barth ya ƙawata shi gwargwadon yadda idon Turawan zamanin yake son ganin ƙasa. Mafi shahara a cikinsu shi ne na birnin Kano daga kan Dutsen Dala.

Wannan zane ya kafa wata al'ada da masu kyamara suka gada: a hau wuri mai tudu, a dubi ƙasa daga sama, a tattara ta gaba ɗaya cikin takarda guda. Kallo ne irin na mai wucewa da yake son sanin girman abin da ke gabansa. Manomi ba haka yake duban ƙasa ba. Shi daga ƙasa yake kallonta, yana damƙar turɓaya ya murza ya ji danshinta.

4.0 Shigowar Kyamara

Kyamara ta iso ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 19, tare da masu neman harshe da masu neman mulki. Charles Henry Robinson, wanda ya zo nazarin Hausa, ya isa Kano a ƙarshen 1894, kuma littafin tafiyarsa ya fito a 1896. Daga arewa kuma, ayarin Faransawa na Fernand Foureau da Kwamanda Lamy ya taso daga Aljeriya a 1898, ya ratsa Azbin da Agadas, ya isa Damagaram a Nuwamba, 1899, ya koma da tarin hotunan hamada da duwatsu.

Bayan da Ingilishi suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, hoto ya zama kayan aikin gwamnati. Babban aikin farko shi ne shata iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransa daga Kwara zuwa Tafkin Chadi. Bayan yarjejeniyar 1906, Kyaftin Jean Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi iyakar daga 1906 zuwa 1908, suka kafa alamomi 148, aka sa hannu a kan sakamakon a 1910. Wannan layi shi ne ya ratsa arewa da Babura, ya raba ta da Magarya, alhali kuwa harshe ɗaya ne, noma ɗaya ne, auratayya ɗaya ce. Ayarin Tilho ya buga manyan littattafai na rahoto masu taswirori da hotuna, waɗanda har yau masu bincike suke komawa gare su. Sai dai a tuna cewa safiyo rijiya yake nema, da dutse, da babbar itaciya, don ya ɗaure layinsa a jikinsu. Abin da ba zai zama alamar iyaka ba, ba lalle ne ya ɓata masa gilashi ba.

A wannan zamani ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya buga labarin tafiyar a 1910. Haka kuma J. D. Falconer, masanin duwatsu da ma'adinai, ya zagaya Nijeriya ta Arewa a kan doki, ya fitar da littattafai biyu a 1911.

Wanda ya fi kowa haɗa tafiyar hamada da ɗaukar hoto a wannan hanya shi ne Kyaftin Angus Buchanan, mutumin Sikotilan. Attajirin nan Lord Rothschild ne ya aiko shi ya tattaro tsuntsaye da dabbobi don gidan adana halittu da ke Tring a Ingila. A farkon 1920 ya tashi daga Kano da raƙuma, ya isa Damagaram, ya wuce Damargu da Agadas, ya hau duwatsun Bagazam, inda asalin dokin nan da Hausawa suke yi wa kirari yake. A 1922 ya sake dawowa, wannan karon da mai ɗaukar fim, T. A. Glover. Suka tashi daga Kano, suka bi ayarin gishiri zuwa Fachi da Bilma, suka ratsa duwatsun Hoggar, suka isa Tuggurt a Aljeriya a 1923. Daga cikin raƙuma fiye da talatin da aka tashi da su, ɗaya ne kaɗai ya kai ƙarshen tafiya, wanda Buchanan yake kira da sunan Hausa, Farin Gashi. An nuna fim ɗin a Ingila a 1924. Francis Rodd, wanda ya yi wani ɓangare na tafiyar 1922 a Azbin, shi ma ya buga babban littafi a kan Buzaye a 1926, cike da hotunan duwatsu da kufai.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su a nan. Na farko, hankalin waɗannan matafiya yana can gaba, a Azbin da Sahara. Ƙasar noma da ke tsakanin Kano da Damagaram, wadda babbar hanyar Babura da Magarya ta ratsa, zango ce kawai a wurinsu. Tun da gilashin hoto kaya ne mai nauyi da tsada, an fi tanadinsa don abin mamaki. Na biyu, kufan da aka ɗauka a Azbin a 1920 da 1922 suna da tarihinsu. A 1916 da 1917 an yi tawayen Kawusan, Faransawa suka murƙushe shi da taimakon sojoji daga Nijeriya, aka kwashe mutane daga garuruwan arewacin Azbin, dukiyar raƙuma ta salwanta. Mai kallon hoton kango a Landan yana iya zaton ƙishirwa ce ta kori masu gidan, alhali kuwa bindiga tana da nata kaso. Hoto yana nuna kango, amma ba ya faɗin abin da ya tashi garin.

5.0 Abin da Kyamara Take Ɓoyewa

Kafin a karanta tsohon hoto a matsayin shaida, wajibi ne a san halin kayan da aka ɗauke shi da su. Sinadarin da ake shafawa a gilashi ko fim a wancan zamani ba ya ganin launuka daidai da idon mutum. Ya fi jin shuɗi, ja kuwa kusan baƙi yake fitar da shi. Gilashin da yake ganin dukkan launuka sai a 1906 ya shiga kasuwa, kuma an daɗe ana amfani da tsohon bayan haka. Sakamakon haka, sama takan fito fari fat ba gajimare, jar marmara ta fito baƙa ƙirin kamar an ƙone ta, farin yashi kuma ya yi ƙyalli fiye da kima. Idan akwai hazo, duk abin da ke nesa sai ya ɓace, tsaunin da ke bayan gari ya narke cikin farin sama. Ƙasa mai rai sai ta fito kamar toka.

Abu na biyu shi ne lokaci. Matafiyi da rani yake tafiya, daga kaka zuwa bazara, lokacin da rafuka suka ƙafe, hanya ta bushe, raƙumi yake iya taka ƙasa. A lokacin an girbe gero da dawa, an kwashe kara don danni da makamashi, shanu sun kiwace abin da ya rage. Gonar jigawa a watan Maris rairayi ne tsirara. Ita ce kuma a watan Agusta gero yake rufe mahayin doki a cikinta. Wanda ya ga hoton Maris kaɗai, bai ga rabin ƙasar ba.

Wannan matsala ta fito fili a gardamar da aka yi a shekarun 1930. E. P. Stebbing, shehun malami a fannin gandun daji a Jami'ar Edinbara, ya zagaya arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da ranin 1934. A 1935 ya gabatar da maƙala a gaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila, inda ya ce Sahara tana gurgusowa kudu, kimanin kilomita ɗaya a shekara, kuma manoma da makiyaya ne suke share mata hanya da sara da ƙuna da kiwo. Ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar itatuwa don tare ta. Maganar ta girgiza gwamnatocin biyu, har suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na ma'aikatan daji, wanda ya bi yankin iyaka daga Disamba, 1936, zuwa Fabrairu, 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa hamada tana tafiya kudu gaba ɗaya ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa a wasu wurare, saboda dalilai na wuraren. Francis Rodd a 1938 da L. Dudley Stamp a 1940 su ma sun yi suka a kan ra'ayin Stebbing. Duk da haka ra'ayin bai mutu ba. Ya farfaɗo da ƙarfi a farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, lokacin da hotunan matattun shanu da busassun itatuwa suka cika jaridun duniya.

Ba a musun cewa fari gaskiya ne. Tsofaffi sun riƙe labarin yunwar Kakalaba ta 1914 tun kafin Stebbing ya zo, kuma mutanen Babura da Gwiwa ba sa bukatar baƙo ya gaya musu abin da shekarar 1973 ta yi wa dabbobinsu. Abin tambaya shi ne ko hoton rana ɗaya ya isa ya nuna inda ƙasa ta dosa. Amsar wannan tambaya tana da nauyi, domin idan aka yarda cewa manomi shi ne mai laifi, sai a hana shi taɓa itaciyar da ke gonarsa, a sa masa tara, shi kuma ya daina renon tsiron da ya san ba nasa ba ne.

6.0 Hoto Daga Sama

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano daga Masar. Bayan shekara biyar, matuƙin jirgi ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ƙetaro Sahara a tafiyarsa ta 1930 zuwa 1931 zuwa Tafkin Chadi, ya ɗauki birnin Kano da karkararsa daga sama. Hotunansa suna ajiye a Zurik, kuma an sa su a intanet. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, Ingila ta kafa hukumar safiyo ta ƙasashen da take mulka, jirage suka riƙa bin layi suna ɗaukar ƙasa tsaye daga sama don yin taswira.

Wannan nau'in hoto ya bambanta da na matafiyi ta fuska ɗaya muhimmiya: ba ya zaɓe. Duk abin da ke ƙarƙashin jirgi, gona ce ko fako, kyakkyawa ko mummuna, sai ya shiga. Daga irin waɗannan hotuna ne A. T. Grove na Jami'ar Kambirij ya nuna a 1958 cewa jigayin gabashin ƙasar Hausa tsofaffin tuddan yashi ne, jere a layi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, waɗanda iska ta tara dubban shekaru da suka wuce, a wani zamani da ya fi na yanzu bushewa nesa ba kusa ba. Wato yashin da baƙo ya gani ya tsorata, ya riga kowane gari da ke kansa zuwa. Hamada ta taɓa zama a nan, ta janye, ciyawa da itatuwa suka ɗaure yashin, mutane suka zo suka noma shi. Haɗarin da ke akwai shi ne a tone wannan tsohon yashi ta hanyar tsiraita shi, iska ta sake samun abin ɗauka.

Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya ƙara gaba da wannan hanya. Shi da abokan aikinsa sun gwada hotunan sama na 1972 da na 1981 na karkarar Kano, suka tarar yawan itatuwan gona bai ragu ba, duk da fari da kuma bukatar itacen girki a birni. A ƙetaren iyaka kuma, binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 a Magarya da Matamaye da Mirya ya nuna gonaki kimanin hekta miliyan ɗaya da manoma suka cika da itatuwa, mafi yawa gawo, ta hanyar renon tsiron da ya fito da kansa. Gray Tappan na hukumar safiyon Amurka ya jera hotunan sama na 1975 kusa da na bayan shekara talatin, aka ga ƙauyukan da a da suke fili sun yi duhu da itatuwa. An ƙiyasta cewa a kudancin Nijar abin ya kai hekta miliyan 5. Magarya kuwa maƙwabciyar Babura ce.

Halin gawo ya taimaka wa wannan ƙidaya, domin shi da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar, saboda haka yakan fito sarai a hoton rani. Amma hoton sama ma yana da iyakarsa. Yana ƙirga kan itatuwa, ba ya bambanta ɗorawa da darbejiya cikin sauƙi. Gonar da ta rasa ɗorawa uku da kanya biyu ta sami darbejiya goma, a lissafin hoto ta ci riba. A lissafin uwargida mai neman kalwa kuwa ta yi asara.

7.0 Hoto da Harshe

Kalmar hoto aro ce daga Ingilishi, haka ma majigi, wadda ta samo asali daga sunan fitilar nan da ake haska hotuna da ita a bango. Kafin su akwai sura da taswira daga Larabci, da zane na Hausa. Masu sana'ar sun ƙago nasu kalmomin, kamar wanke hoto da dodon hoto. Abin lura kuma shi ne, saɓanin da malamai suka yi a kan surar abu mai rai bai shafi hoton ƙasa ba, domin an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai yin sura da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Duk da haka, sana'ar hoto a garuruwan Hausa ga mutane ta karkata, domin mutum ne yake biyan kuɗin hotonsa; dutse ba ya biya.

Inda harshe ya fi hoto shi ne wajen rarrabe ƙasa. Abin da baƙo zai rubuta a ƙarƙashin hotonsa da kalma ɗaya, daji ko yashi, Bahaushe yana da jigawa da fako da fadama da tudu da kwari. Yana da karkara da saura da makiyaya da burtali. Yana da dutse da tsauni da fa da marmara. Kowace kalma tana ɗauke da hukunci a kan abin da wurin zai iya bayarwa. Saura gona ce da aka bari ta huta, tana da mai ita, ko da a hoto ta yi kama da dajin Allah. Burtali hanyar shanu ce da aka yarda da ita tsakanin manomi da makiyayi, ko da a hoto ta fito kamar zaizayar ƙasa. Rashin sanin waɗannan kalmomi ya sa an sha karanta tsarin mutane a matsayin ɓarna.

Sunayen garuruwa ma taska ce. A ƙaramar hukumar Babura akwai Kanya da Ɗorawa da Jigawa, biyu sunayen itatuwa, ɗaya sunan ƙasa. Irin waɗannan sunaye suna shaida abin da mutanen farko suka tarar a wurin. Idan aka tattara su daga Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura, har da sunayen unguwanni da fadamu da duwatsu, aka jera su kusa da hotunan sama na shekaru daban-daban, za a sami ma'aunin da ya fi kyamara tsawon tarihi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda hoton ƙasa ya shigo wannan yanki ta hannun mai bincike da safiyo da mafarauci da ma'aikacin daji, kowa da abin da ya fito nema, da yadda lokacin tafiya da halin gilashi suka rinjayi abin da ya fito a takarda. An ga kuma yadda hoton sama ya gyara wani ɓangare na hukuncin da aka yanke tun 1935. Ƙasar ta ci gaba da sauyawa: madatsun ruwa na Tomas da Gari da na Kazaure sun kafa tafkuna a inda tsohuwar taswira ta nuna rafin rani, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa na Tarayyar Afirka, wanda aka amince da shi a 2007, ya shafa a Nijeriya. Shirin ya yi kama da shawarar Stebbing, saboda haka tarihin gardamar farko yana da amfani ga masu gudanar da shi.

Aikin da ke gaban masu nazari iri uku ne. Na ɗaya, a nemo kwafin tsofaffin hotunan da ke ɗakunan ajiya na Kaduna da Ingila da Faransa, a kawo su jami'o'in da ke kusa da ƙasar da aka ɗauka. Na biyu, a gano wuraren da masu hoton suka tsaya, a sake ɗauka daga nan, sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, a rubuta rana da wata da shekara. Na uku, a kai hotunan gaban dattawan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, su faɗi sunan kowane dutse da kowace fadama, da wanda ya noma ta, da shekarar da rijiyarta ta ƙafe ko ta dawo. Ɗaliban Hausa da na labarin ƙasa suna iya haɗa hannu a kan wannan, kuma wayar da ke aljihun kowannensu ta fi kyamarar Buchanan gani. Abin da ba ya jira shi ne dattawan, domin kowace shekara ana rasa waɗanda suka ga ƙasar kafin farin 1973.